Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Musaddiƙu taubashina ne. Mahaifiyarsa, Goggo Zuwaira, ƙanwar babanmu ce ciki ɗaya, saboda haka tun muna yawo ba wando aka ba ni lasisin zolayarsa, kuma har yau ban bari lasisin ya mutu ba. Ni nakan ce shi bawana ne, shi kuma ba ya cewa komai, wanda a kotuna amincewa ce. Karatuna a aji uku na sakandare ya yi faci, don haka wanda ya ga tuntuɓe a rubutun nan ya ɗaga ƙafa ya wuce. Labarin dai na san shi, don a gabana aka yi.

A wani ƙauye bayan Kiyawa aka haife shi, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓi aiki. Shi ne ɗan fari a wurin Goggo. Ana yaye shi babanmu ya je ya ɗauko shi ya kawo gidanmu a unguwar Yalwawa cikin Dutse, aka shimfiɗa mana tabarma ɗaya. Ni na tashi da baki, shi ya tashi da shiru. In aka ba mu tuwo, kafin ya gama bisimilla na kai rabin malmala.

Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wurinmu, amma ta Goggo ta fi ƙarfin misali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Ɗan gidan Yaya" take ce masa, wato yaron gidan babanmu, kamar wani almuru ne da aka tsinta a tasha. In mun je gaisuwar Sallah, shi a bakin ƙofar ɗaki yake durƙusawa, ita kuma ta juya ta amsa wa bango. Ni kuwa in shige har kan gadonta, ta jawo kunnena, ta ba ni ƙwan zabi. Duk abin da za ta gaya masa sai ta bi ta kan wani. Ta ce da Ikilima, ƙanwarsa, "A tambayi ɗan gidan Yaya ko ya ci abinci," alhali ga shi nan tsugune, in ta miƙa hannu za ta taɓa hularsa. Ran da babu kowa kusa na rantse na taɓa ji tana gaya wa turmi cewa hadari ya taso, gara masu tafiya Dutse su kama hanya.

A hanyar dawowa nakan ce masa, "Bawana, anya ba sayo ka aka yi a kasuwar Shuwarin ba?" Sai ya yi murmushi ya kalli gonaki.

Ya yi karatu fiye da ni, ya koyi aikin haɗa sola, ya zama duk wani gidan da ya gaji da duhu a Takur da Yalwawa ya san lambarsa. Mutum ne da ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Ya haura talatin bai yi aure ba. Kullum yana kan rufin wani, rana tana gasa shi har ya koma kamar kilishin da aka manta a kan waya. Kuɗin da yake samu kuwa ba wanda ya san inda suke shiga. Ni na yi ta baza labari cewa yana gina bene ne a ƙarƙashin ƙasa.

To, ciwon suga da hawan jini suka kama Goggo, aka ce duk wata sai ta zo asibiti a Dutse. Daga ƙauye zuwa bakin kwalta a bayan acaɓa ake ɗauko ta, daga nan ita da Ikilima su shiga adaidaita sahu. Wata rana da damina babur ya zame a yashi ya kayar da ita, hannunta ya goce. Ta hana a gaya masa. Sai da aka yi ɗori, hannun ya fara saɓa, sannan ya ji, a bakin mai kai mana gero ma ya ji. Ranar da yamma muna zaune a ƙofar gida ya ce, "Zan sayi mota."

Kowa ya yi murna. Babanmu ya ce Allah ya yi albarka, ai dama lokaci ya yi. Muka ɗauka zai kawo irin motar da mutane suke saye, mai ƙofa huɗu, wadda za a zuba mara lafiya da mai jinya da kwanon abinci da buhun gero a but, a kuma ara ranar kai amarya. Mota a danginmu ai ba ta mutum ɗaya ba ce. Ko kafin ya tafi Kano, mata sun gama raba kujerun.

Abin da ya dawo da shi sai da unguwa ta fito kallo. Tun daga kwanar titi muka ji gurnani kamar an ɗaure zaki a cikin durom. Sai ga wata aba ruwan ɗorawa, doguwar hanci, tana jan ciki a ƙasa kamar tsaka. Ƙofa biyu. Na leƙa ciki, na sake leƙawa, na zagaya ta baya ko an ɓoye sauran a can. Kujera biyu ce tak, ta direba da ta gefensa, a manne da juna, bayansu kuwa ko kyanwa ba za ta miƙe ƙafa ba.

Na ce, "Bawana, rabin mota aka sayar maka, ko sauran sai ka gama biya?"

Ya ce, "Motar tsere ce."

"Da wa za ka yi tseren? Da jakin Malam Ashafa?"

Nan take na raɗa mata suna Ja-ciki, kuma sunan ya bi ta.

Idirisu bakanike, wanda garejinsa ke bayan layinmu, ya zo ya sa kai ya dubi mitar da ke nuna tafiyar da mota ta yi. Ya daɗe yana kallo. Lambobin sun yi jere kamar lambar waya. Ya ce, "Musaddiƙu, wannan ta gama rayuwarta a ƙasar Turawa, ta zo ta yi ta biyu a Kwatano, ta yi ta uku a Kano. Kai ta zo ta yi wa wasiyya." Ya buɗe bonet ya nuna masa inda baƙin mai yake tsatsafowa, ya ce lagireton ya sha faci har ba a gane asalinsa, kayanta kuma ko a Kano sai an yi sa'a. Lokacin an cire tallafin mai, duk mai mota mai babban inji neman kai yake da ita, shi ya sa ta faɗo har inda hannun mai haɗa sola zai kai. Musaddiƙu ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, ya ɗauko tsumma ya fara goge ta.

Ja-ciki ba ta wuce gidan mai sai ta tsaya sun gaisa. Tudun nan da ake yi a titi don rage gudu kuwa abokin gabarta ne, sai an bi shi a karkace, ana salati, salansa tana kuka. Amma in ta samu kwalta miƙaƙƙiya, gaskiya ɗaya ce, ran da ya fara ɗaukata, sai da na tuba daga zunuban da ban ma aikata ba.

Ranar Juma'a ya ce in raka shi ƙauye a sa wa mota albarka. Muna sauka daga kwalta ta shiga yashi ta kwanta, kamar ta ga gado. Muka bar ta nan muka ƙarasa a ƙafa. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum ya ce, "Na sayi mota, don zuwa asibiti." Goggo ta gaya wa bango cewa Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Sannan ta aiki Ikilima ta je ta gano mata.

Ikilima ta dawo fuska ba daɗi. Ta ce, "Inna, wurin zaman mutum biyu ne."

"To ke ina za ki zauna?"

"Babu."

"Ni fa?"

"Gefensa. Kafaɗa da kafaɗa."

Goggo ta jawo faifai ta ci gaba da tsince wake. Ta ce da faifan, "Adaidaita ma ai tana kai mutum."

Daga nan aka shiga abin da mutanen hanyar Kiyawa ba za su manta ba. Duk ranar asibiti Musaddiƙu zai ajiye aikinsa, ya zuba mai, ya je bakin kwalta ya jira. A kawo Goggo a babur. Ya fito ya buɗe ƙofar gefe ya tsaya. Ita kuma ta wuce ta gabansa, mayafi a rufe, ta shiga adaidaita ita da Ikilima. Shi sai ya rufe ƙofar, ya shiga, ya bi bayansu. Motar da aka ƙera don ta tsere wa iska, ga ta tana rarrafe a bayan adaidaita tun daga Kiyawa har Dutse, kujera ɗaya ba kowa. Masu tireda a bakin hanya har sun san ranar. Ni na ce masa Goggo ta zama gwamna, tana da mai rakiya, jiniya kawai ta rage. Wani wata ya zo aka sake, wani ya zo aka sake. Rani ya wuce a haka.

Babanmu ya kira shi ya ce, "Kai ma ka san halin uwarka. Ka sayar da abin nan ka sayi mai kujerar baya, ta zauna a bayanka ita da 'yar'uwarka, kowa ya huta." Ya ce to. Bai sayar ba.

Ni kuma, da yake wani lokacin hankali yana ziyartata, na kawo shawarar da ta fi ta kowa. Na ce, "Ba ni makullin. Ni Goggo ba ta kunyata, ko a cinyata ma sai ta zauna. In kai ta in dawo da ita, kai ka bi mu a babur ɗina."

Ya dube ni. Tun da muke ban taɓa ganin ya dube ni haka ba. Ya ce, "A'a."

"Don me? Tsoro kake in tsufar maka da tsohuwa?"

"Hussaini, kai ka sha zama kusa da ita."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya mayar da makullin aljihu. A nan na gane ba arha ce ta ruɗe shi a Kano ba, ba kuma launi ba ne. Motoci masu ƙofa huɗu sun fi ɗari a wurin, ya tsallake su. Ya san in akwai kujerar baya, bayan za ta zauna, ya ƙare rayuwarsa yana hango gefen mayafinta a madubi. Sai ya nemo wadda ba ta da wurin ɓuya. Mutumin da bai taɓa roƙon komai a wurin kowa ba, ya tara guminsa na shekaru ya haƙa wa mahaifiyarsa tarko mai taya huɗu, don ta zauna kusa da shi na tsawon tafiyar Kiyawa zuwa Dutse. Ita kuma ta gane, shi ya sa ta ƙi. Kai biyu masu tauri, jini ɗaya. A tsakaninsu kuwa ƙafafunta suna ta kumbura, adaidaita tana ta jijjiga ta.

Da damina ta dawo, wata safiya Ikilima ta kira ta ce jikin Inna ya rikice, ko zama ba ta iya yi sosai. An kwana ana ruwa. Musaddiƙu ya fita da mota, ni na bi shi a babur. Muka tarar an kawo ta bakin kwalta a amalanken shanu, an jingina ta da filo. Mai adaidaitar da ya saba ɗaukarsu bai zo ba, wayarsa a kashe, hanya kuma fayau, ba abin hawa ko ɗaya. Babur kuwa ba maganarsa ake ba.

Ya buɗe ƙofar gefe ya tsaya, kamar yadda ya saba. Goggo ta daɗe tana kallon hanya ta hagu da ta dama. Sannan ta ce, "Ikilima, kama ni."

Ni da Ikilima muka saukar da ita cikin kujerar, don shiga Ja-ciki kamar shiga rijiya ne. Tana zama ta jawo mayafinta ta ɓangaren hagu ta yi labule tsakaninta da shi, ta juya fuska ga taga. Ya zagaya ya shiga. Ikilima ta hau bayana muka bi su.

Bai yi gudu ba. Ranar da ya kamata Ja-ciki ta nuna abin da aka haife ta dominsa, a hankali ya ja ta, yana kauce wa kowane rami. Mun ci fiye da rabin hanya, duwatsun Dutse sun fara bayyana, sai na ga farin hayaƙi yana tashi daga hancinta. Ta yi tari, ta yi shiru, ta gangara gefen titi ta tsaya.

Na ɗaga bonet, tururi ya buge ni. Lagireton ya fashe, ruwa yana zuba ƙasa kamar an kwance famfo. Na kira Idirisu, ya ce kada a kuskura a sake tayar da ita, in ba haka ba injin ya tafi. Ikilima ta tsaya tsakiyar titi tana jiran duk abin da Allah zai kawo. Ni ina gaban mota, bonet ya kare ni. Su biyu suna ciki, gilasai a sauke, ba mai motsi.

Sai na ji muryar Goggo, ƙasa-ƙasa. Na ɗauka salati take. Ashe da motar take magana. Na leƙa ta ƙasan bonet na ga ta ɗora tafin hannunta a kan allon gaban motar.

Ta ce, "Sannu. Ke ma kin gaji. An ce kin yi tafiya mai nisa kafin ki zo hannun mai ke."

Ta shafa allon.

"Ba laifinki ba ne. Tsufa ne."

Ta numfasa, numfashin yana fita da ƙyar. Ta ce, "Ki gaya wa mai ke na san ba don araha ya saye ki ba. Tun ranar farko na sani."

Musaddiƙu bai juya ba. Idonsa na kan sitiyari.

"Ki gaya masa ranar da Yaya ya tafi da shi, na bi sawun kekensu har bakin rafi. Ban gaya wa kowa ba. Itace na ce na je yi. Kuma ki ce ya riƙa cin abinci. Duk wata ina ganinsa a madubin adaidaita, ya rame."

Can na ji shi, da wata murya da ban san yana da ita ba, ya ce wa sitiyarin, "Ki ce mata na ji."

Ni da aka ce ko a maƙabarta sai na samu abin faɗa, na tsaya riƙe da murfin lagireto kamar gunki.

Ba a jima ba wata motar haya ta taho daga wajen Kiyawa, Ikilima ta tare ta. Fasinjoji biyu suka sauka don Allah, muka ɗauke Goggo muka sa ta a kujerar baya, Ikilima ta zauna kusa da ita. Da za a fitar da ita, mayafin ya zame, ta gyara shi da sauri. Musaddiƙu ya bar Ja-ciki a gefen titi ko kulle ta bai yi ba, ya hau bayana muka bi su asibiti.

Goggo ba ta koma ƙauye da ƙafarta ba. Ta yi kwanaki a gadon asibiti, yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar yadda ya saba, har ranar da aka ce ya shigo, lokacin babu sauran wanda zai ji kunya. Sunansa dai ba ta faɗa ba har ta tafi. Allah ya jiƙanta.

Bayan addu'ar bakwai Ikilima ta same shi a zaure, a gabana, ta ce, "Yaya, da ka sayi mota irin ta mutane, da Inna ba ta shekara tana jijjiga a adaidaita ba." Ba ta ɗaga murya ba. Shi ma bai musa ba. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin ta, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare, amma ni ban isa in ce Ikilima ta yi ƙarya ba. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a gajarce.

Idirisu ne ya jawo Ja-ciki da igiya ya kawo ta Yalwawa, aka ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ya ce za a iya neman lagireto a Kano. Musaddiƙu ya ce a bari tukuna. Tukunan nan ta shiga shekara ta biyu. Tayoyin sun sace, launin ɗorawa ya koma na kunun da ya kwana, kaji sun buɗe makaranta a ƙarƙashinta. 'Yan gwangwan sun zo sun taya ta ya fi sau shurin masaki, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Aiki kuwa a acaɓa yake zuwa, da tsani a kafaɗa.

Abu ɗaya ne ya canja. Da can Musaddiƙu sai ya wuni a kan rufi da ruwan leda kawai a cikinsa. Yanzu duk inda yake, azahar tana yi zai dawo gida. In ya idar da salla ya karɓi kwanonsa, ya buɗe ƙofar direba, ya sunkuya ya shiga, ya ɗora kwanon a cinya ya ci, a hankali, har ya suɗe. Ba ya kunna komai, don babu abin da ke kunnuwa. Yaran unguwa sun gaji da leƙe sun daina.

Shekaranjiya na je na jingina da tagar ina kallonsa yana cin dambu. Na ce, "Bawana, wannan ita ce bukkar cin abinci mafi tsada a jihar Jigawa. Ka sa mata allo mana, ko ma samu masu saye."

Ya yi ɗan murmushi, bai ɗago ba. Na zagaya ɗaya gefen na kama hannun ƙofar, da niyyar in shiga in taya shi, don dambun ya ji mai. Ya ce, "Hussaini."

Na saki. Ya miƙo mini cokali ta taga, na ci a tsaye.